Muryar Umma Ta Zama Ta Kamfani

AUTA: Salamu alaikum. Umma, ina wuni?

UMMA: Lafiya lau, Auta. Ya ofis? Ya mai ɗakin naka da yara?

AUTA: Duk lafiya. Ya ƙafar?

UMMA: Da sauƙi.

AUTA: Ya mutanen ɗakin haihuwa? Halo? Umma?

UMMA: Ina jin ka, layin ne ke rawa. Gobe ma rufe shi za a yi, ka huta.

AUTA: Rufewa? Wa zai rufe?

UMMA: Abokan cinikinka. Saƙo suka turo, wai na saci kayan kamfani. Ni! Maganar da na ɗauka a waya da bakina a kan bencin asibiti, ina gaya wa masu ciki in sun ga jini ko ƙafa ta kumbura kada su zauna a gida.

AUTA: Umma, ba na ce ki daina turawa ba? Tun da muka sa hannu a takardar kamfanin, sai mace ta yi rajista take saurare.

UMMA: Muka? Cewa ka yi za a kare min haƙƙina.

AUTA: Ai an kare! Kin manta masu sayar da muryarki a tasha, har da tallan maganin ƙarya a ƙarshe?

UMMA: Ban manta ba, ya ƙona min rai. Ɓarawo na ce ka kora, sai ka kulle gidan da ni a waje. Sannu, mai boko.

AUTA: Doka ce, Umma. Ki goge, ki ba su haƙuri, su bar miki layin.

UMMA: Lambar nan kowace mai ciki a unguwa ta haddace ta. In naƙuda ta tashi, lauyan kamfanin ne zai ɗaga?

AUTA: Shi ya sa nake cewa ki... kuma kada ki ɗauki sabuwa.

UMMA: Me ka ce? Ya katse.

AUTA: Kada ki ɗauki sabuwa! Takardar ta haɗa har da abin da za ki faɗa nan gaba.

UMMA: Nan gaba? Inna lillahi! Wato bakin nawa ka sayar tun ina da rai.

AUTA: Ba sayarwa ba ce, lasisi...

UMMA: To wannan zagin da ke zuwa, nawa ne ko nasu?

AUTA: Haba, Umma.

UMMA: Karɓi kyauta kafin su sa masa rajista: sakarai! Kashe min waya, wata mai ciki na kira.

AUTA: Umma, tsaya! Halo? Umma?