Ranar da Na Shigo Gwashi da Sabon Babur

Salamu alaikum mai gabatarwa, daga Gwashi nika rubuto maka, raina ɓace.

Na sayi babur na hannu ta intanet, don in riƙa kai Inna asibiti in damina ta cinye hanya. Na sa mashi tayoyi masu ƙaya. Wani shashashan bakanike ya maƙala mashi salansa mai ƙara, wai ya fi jan laka.

Ina shigowa gari jama'a suka watse, sun zaci 'yan bindiga ne. Inna ta faɗi wajen gudu, ƙugunta ya karye. Da na ɗago ta, cewa ta yi, "Kai ne, ɗan nan? Alhamdulillahi."

Yanzu ko zama ba ta iyawa, balle hawa babur. Jama'a, in sayar da shi ko in cinna mashi wuta?