Maganin da Ya Cece Ni Ya Ci Mini Kunne

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. In kun ji muryata ta yi sama da yawa ku yi haƙuri, ba na jin iyakarta.

Sunana Saratu, matar Bitrus tela. Yawancinku kun fi sanina da Maman Rahila mai masa a bakin layinmu nan Sabo. Shekara goma sha ɗaya ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. An ce in zo in ba da shaida. Zan bayar, amma duka zan bayar, har da wanda ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Abin ya fara da ƙullutu a wuyana, ga haɓo da ya ƙi tsayawa. Muka yi ta shan maganin mura har Baban Rahila ya ce ya isa, ya kai ni babban asibiti. Suka ce ciwon daji ne a bayan hanci. Suka ce za a yi mini gashi da na'ura, a kuma riƙa sa mini wani magani mai ƙarfi ta jijiya. Sun faɗa mini zan yi amai, zan rame, bakina zai bushe. Duk na yarda, na sa hannu. Ba wanda ya ambaci kunne. Ko sau ɗaya.

Bayan an sa mini maganin karo na uku, sai kunnuwana suka fara ƙara kamar kukan gyare, dare da rana. Na gaya wa likitan da ke duba mu ranar. Ko kansa bai ɗago daga takarda ba. Ya ce da Turanci, "Madam, ki gode wa Allah kina da rai. Zai wuce."

Bai wuce ba. Da can kiran sallar asuba daga masallacin unguwa shi ke tashe ni in hura wuta. Wata safiya na farka na ga rana ta fito, ƙullun masa ya yi tsami, ban ji komai ba. Rahila tana tsaye a kaina, bakinta na motsi, ni kuwa kamar an tura kaina cikin randa.

An gama magani, aka ce dajin ya tafi. Na gode wa Allah, har yau ina gode masa. Amma na dawo gida ina jin hayaniyar mutane, kalmominsu ba na kama su. Mai saye ya ce masa biyar, in zuba masa goma. Wasu su yi dariya, wasu su yi mini tsawa a fuska kamar akuya ce ta shiga gona. Na ji ciwon wannan, amma na ce ai kasuwa ce.

Wanda ya fi ci mini rai a nan ya faru, cikin wannan ɗakin sujada.

Ranar da na dawo zumunta na ɗaga waƙa kamar kullum. Ashe ina gabas, masu amshi suna yamma. Ba wadda ta riƙe hannuna ta gaya mini. Mako na gaba na zo na tarar an ba wata wurina. Daga baya Rahila ta faɗa mini cewa a gabana aka yanke shawarar, ina zaune ina yi musu murmushi. Ta ce wata ma ta ce, "Wataƙila Allah ya toshe kunnen ne don mai shi ba ta jin magana." Ba zan kama suna ba. Mai maganar ta san kanta. Kurma ce ni, ba gawa ba. Me ya hana a rubuta mini a takarda?

Sai aka yi taron farkawa, aka gayyato wani baƙon mai wa'azi. Aka jawo ni gaba. Ya cusa yatsunsa cikin kunnuwana, wurin da gashin na'ura ya ƙona fata, yana ihu har ina jin iskar bakinsa. Ya ja baya ya tafa a bayana, ya zagayo ya tambaye ni, "Kin ji?"

Na ce, "Ban ji ba."

Ya sake. Na sake cewa ban ji ba. Matan da ke gefena suna ta zungurina, ɗaya ta matso da bakinta don in karanta: "Ki ce kin ji, ki karɓa da bangaskiya." Na ce ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba. Sai ya juya ga jama'a ya nuna ni. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga fuskokinku, na gane. An ce ba ni da bangaskiya. Ni da na kwanta sau talatin da ɗoriya a ƙarƙashin na'ura, an ɗaure kaina ba motsi, ba abin da ke bakina sai sunan Yesu.

Na daina zuwa sujada wata huɗu. Na daina addu'a. Ko Baban Rahila ya buɗe baki sai in juya masa baya, shi da bai yi mini komai ba.

Wata Laraba da rana ina kankare tanda, sai abin ya taso mini. Na jefar da tsinken na durƙusa a tsakar gida. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ya Uba, ka bar mini rai ka ɗauke mini kunne, yanzu kuma 'ya'yanka suna wasa da ni. In ka gama da ni ka faɗa. In ba ka gama ba, ka yi mini magana ta hanyar da zan ji." Na yi kuka har na gaji.

Ashe da ƙarfi nake yi, duk gidan ana ji. Sai ga maƙwabciyata Hajiya Balaraba, mai sayar da goro, ta ɗaga labule ta shigo. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna dab da ni inda haske ke faɗa mata a fuska, ta yi magana a hankali: "Maman Rahila, akwai likitan kunne. Yayana ma ya je. Gobe ki shirya, ni zan raka ki."

Musulma ce, ba ta taɓa taka wannan ɗakin ba. Ita Ubangiji ya aiko.

Likitar kunnen wata Bayarabiya ce. Ta gwada ni, ta rubuta mini komai a takarda. Ta ce maganin jijiyar nan an san yana taɓa kunne, gashin ma haka. Ta ce ya kamata a ce an gwada jina tun kafin a fara, kuma ranar da na yi ƙorafin ƙara a sake duba lamarin. Na sake karanta takardar. Ashe an sani.

Kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama akwai ruwa da ya taru a ciki, aka yi maganinsa, aka sa mini wannan ɗan abin ƙara ji da kuke gani a kunnena. Abu na farko da na ji sarai shi ne ƙarar keken ɗinkin mijina. Na tsaya a ƙofar shagonsa ina kuka, shi ma ya bar ɗinki.

Daga me Allah ya cece ni? Daga daji, da kuma ƙiyayyar da ta kusa cinye ni fiye da dajin. Na yafe, ko da yake wata rana sai na sake yafewa kafin la'asar.

In wani naku zai shiga irin wannan magani, ya sha, yana ceton rai. Amma ku tambayi likita zancen kunne, kuma in ya ce yana jin ƙara kada ku bari a sallame ku da "zai wuce". In kun ga kurma, ku dube shi ido da ido, kada ku yanke masa hukunci yana zaune.

Na gode wa Yesu da bai yi fushi da addu'ar mai fushi ba. Ku dogara gare shi, ku gaya masa gaskiyar cikinku ko da ba ta da kyan ji. Yanzu in za ku ce amin, ku ɗaga hannu sama in gani.