Agogon Ofishin Ruwa Ya Yi Gaba da Awa Ɗaya

Amparo: Alo? Yaya Evaristo! Ina wuni?

Evaristo: Lafiya lau, ƙanwata. Ya birnin Puebla, ya aikin makaranta?

Amparo: Mun gode Allah. Ya ƙafar Mama?

Evaristo: Da sauƙi. Jiya har wainar masara ta gasa.

Amparo: Ta kasa?

Evaristo: Ta gasa! Wayar ofishin nan sai haƙuri. Amparo, ƙarfe nawa a wajenki?

Amparo: Uku da minti goma. Lafiya?

Evaristo: Kwamfutar nan ta ce huɗu da goma. Kwana uku ke nan motar kasuwa tana makara da awa guda. Yau limamin coci ma ya makara, shi da bai taɓa ba. Sai na ce anya kowa ne ke makara?

Amparo: Ai ba kowa ba ne, ita ce. Gwamnati ta daina tura agogo gaba lokacin zafi, amma tsohuwar kwamfutarku ba ta sani ba. Duba ƙasa, ɓangaren dama, inda lokaci yake. Danna da maɓallin dama.

Evaristo: Tsaya in sa tabarau. Na danna.

Amparo: Shiga gyaran kwanan wata da lokaci. Kwanan daidai ne?

Evaristo: Daidai.

Amparo: Yankin lokaci fa, wane gari ta rubuta?

Evaristo: Birnin Mexico.

Amparo: To bar shi. A ƙasa akwai ɗan akwati mai alama, wai ta riƙa canja awa da kanta. Cire alamar. Alo? Yaya?

Evaristo: Ina ji. Ta koma uku da sha huɗu.

Amparo: Shi ke nan! To me kuma ya rage?

Evaristo: Kin san ita ke kaɗa ƙararrawar rabon ruwa ta lasifika. In ta kaɗa, mai ban ruwa ya toshe, na gaba ya buɗe.

Amparo: Na sani.

Evaristo: Ranar Lahadi ta kaɗa, Nicanor ya ƙi toshewa. Ya ce agogon hannunsa ya ba shi sauran awa.

Amparo: Nicanor maƙwabcinmu? Wanda ya riƙe maka 'yarka Lupita ranar baftisma?

Evaristo: Shi. Ya miƙo mini hannu in duba, ko kallo ban yi ba. Na ce agogon ubansa ne, ya tsufa kamar mai shi. Na dawo ofis na kira shi ɓarawon ruwa.

Amparo: A gaban wa?

Evaristo: A lasifika.

Amparo: Haba, Yaya! Haba!

Evaristo: Kwamitinmu na ruwa ya yanke masa ruwa mako guda. Ni na sa hannu. Barkononsa kuwa yana fure.

Amparo: Shi me ya ce?

Evaristo: Ya dai cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Shekara hamsin da sanin juna, Amparo. Na yarda da akwati na ƙi yarda da shi.

Amparo: Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Ka buɗe masa ruwa yau.

Evaristo: Zan buɗe. Da yamma in bi ta bayan gidansa, mu yi magana mu biyu.

Amparo: Ta baya? Gari duka ya ji zagin, haƙurin kuma sai kaji da akuya?

Evaristo: Kin san bakin mutanen nan. Shekara goma sha ɗaya ina sakatare, ba a taɓa…

Amparo: Ban ji ba, layin yana yankewa.

Evaristo: Na ce… bari dai. Ga matarsa nan a bakin ƙofa.

Amparo: Eufemia? Me ta ce?

Evaristo: Ta dai ajiye mini tushen barkono a kan tebur. Ganyen duk ya faɗi.

Amparo: To ka tashi tsaye mana!

Evaristo: Na tashi. Zauna, uwar gida, ga kujera. A'a, kar ki tafi, zo ki duba agogon kwamfutar nan da idonki. Amparo, sai na…