Buhun da Ya Tsallake Unguwa

A tashar bas, wani tela ya dire buhu kusa da wani dattijo mai gemu baƙi wuluk, ya gaishe shi.

"Baba, don Allah ina ake karɓar tsofaffin robobi a nan? Waɗanda ake narkarwa."

"Babu masu saye a unguwarku ne?"

"Akwai, a bakin layinmu ma. Sai dai mai wurin ƙanen matata ne. Shi kuwa sai ya zazzage buhu ya duba ɗaya bayan ɗaya."

"To me? Ai shara ce."

"Shara ce, Baba, amma tana da baki."

Dattijon ya zunguri buhun da sandarsa, sai ga robar maganin rina furfura ta gangaro. Telan ya yi wuf ya take ta, ya ƙara danna hularsa.

"Na wani abokina ne."

"To ka ce wa abokin naka ya bi ta bayan gidan mai, zai ga wata rumfar kwano. Mai wurin awo kawai yake yi, ba ruwansa da buɗe buhu. Amma a wanke su tukuna, ba ya son masu rini a jiki. Ruwan ɗumi da ɗan kananzir ke fitar da shi."

Telan ya ƙura wa gemun nan ido.

"Baba, kai kuma ina ka san duk wannan?"

Dattijon ya shafa gemunsa, ya mai da kansa wajen titi.

"Ni ma ina da aboki."