Ƙullin Yaya Sale daga tagar jirgi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Sunana Hajara, daga wani ƙauye kusa da Funtua.

Gonarmu tana bakin layin dogo, daidai inda jirgin ƙasa yake rage gudu kafin ya shiga tasha. Yayana Sale tela ne a Zariya, duk Alhamis yakan bi jirgi ya kai kaya Gusau. Ba ya sauka, don ya ce in ya zauna da Inna, tafiyar ta fasu. Sai dai ya leƙo ta taga ya wurgo mata ƙullin sabulu da goro, ita kuma tana ɗaga hannu tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, Sale."

Wata Alhamis na hana ta fita saboda ruwan sama. Na ce, "Inna, ai mako mai zuwa ma zai wuce." Da ruwa ya ɗauke, muka tsinci ƙullin a jiƙe cikin kunyar dawa. A wannan tafiyar zazzaɓi ya kama shi a Gusau, can aka yi masa sutura.

Yanzu jirgi ya daina zuwa, awaki ke kiwo a tashar. Inna ta tsufa, ta fara mantuwa. Duk Alhamis sai ta ja sandarta ta nufi layi, ta ce, "Hajara, yau kada ki hana ni."

Malam, ku ba ni shawara. In riƙa tuna mata ya rasu tana sabon kuka duk mako, ko in ci gaba da riga ta zuwa ina ajiye sabulu da goro cikin ciyawa?