Aron Batir a Tashar Faskari

A tashar Faskari motar Gide direba ta ƙi tashi. Ga fasinjan Sabuwa cike, ga la'asar ta gabato, hanyar kuwa ba ta biyuwa da yamma. Ya nufi wani mai sabuwar mota.

"Alhaji, ara mani batir in tada, yanzu in maido."

"Ai nawa sai an kwance kujera ake kai gare shi. Da na sayi motar har murna na yi, na ce na huta da 'yan aro."

"To ranar da ya mutu maka a daji, wa zai tsaya kwance kujera?"

Alhaji ya tattare babbar riga a kafaɗa.

"Shiga, mu tura."