Man Fitilar Gana

A kasuwar Haɗeja, Gana maɗinkin riguna daga Guri ya tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa.

"Iya, man fitila nake so. Na koma man kifi don araha, kyanwoyin unguwa suka taru suka kifar da fitilar a kan rigar mutane. Mai rigar yana can yana nemana da sanda."

"Allah sarki! Ga na gyaɗa zalla, ɗana."

Ya shinshina. "Iya, ƙarni nake ji."

"Daga jikinka ne! Wa ke jin ƙarnin ludayi biyu a tulu guda?"

"Ludayi biyu na me?"

Sai ga kyanwa ta leƙo daga bayan tulun tana lasar baki.

"Bar shi, Iya, ga mai shaida ta fito."